Yadda Za Ka Gane Dokinka Yana Jin Zafin Hawa, Da Abin Da Za Ka Gyara

Doki ba ya kuka idan yana jin ciwo. Asalinsa dabbar da ake farauta ce a dawa, wadda ta nuna rauni kuwa ita ake fara kamawa, shi ya sa yake ɓoye abin da ke damunsa. Da yawa daga dawakan da ake cewa masu tutsu ne ko masu taurin kai, ciwo ne a bayansu, ko a bakinsu, ko a ƙafa.

Ka fara lura tun a barga, kafin ka hau. Idan ka ɗauko sirdi ya kwantar da kunnuwa baya, ya juya maka gindi, ko ya kai cizo lokacin da kake jan majayi, to akwai magana. Bayan an hau, alamun su ne buɗe baki yana ƙoƙarin kauce wa linzami, jefa kai sama da ƙasa, kaɗa wutsiya da ƙarfi alhali babu ƙuda, fitowar farin ido, yawan tuntuɓe, da ƙin tafiya gaba. A 2018 wata likitar dawaki a Ingila, Sue Dyson, da abokan aikinta suka fitar da jerin alamu 24 irin waɗannan, suka nuna cewa dokin da ya haɗa takwas ko fiye yawanci yana da ciwo a jiki. Alama ɗaya ba hujja ba ce, amma idan sun taru kada ka amsa masa da ƙaimi.

Sirdi ne ya fi ɓata bayan doki. Ka ɗora shi ba tare da shimfiɗa ba ka duba: tsakanin gaban sirdin da tudun ƙashin nan da ke ƙarshen geza, dole yatsu biyu zuwa uku su shiga, kuma su ci gaba da shiga bayan mahayi ya zauna. Kada sirdi ya taɓa ƙashin tsakiyar baya, kada kuma ya zarce haƙarƙarin ƙarshe, domin bayan nan babu ƙashin da zai tallafi nauyi. Shimfiɗar ƙarƙashi ta zama busasshiya, a kakkaɓe yashi, a miƙe duk wani ninki. Majayi a ja shi a hankali sau biyu ko uku, ana ɗan taka dokin a tsakani. Da ka sauke sirdi ka kalli gumin. Idan duk bayan ya jiƙe amma ga wani ɗan wuri a bushe, nan ne sirdin ke dannawa har jini ba ya gudana sosai. Gobe wurin zai kumbura, jibi ya zama miki, idan ya warke farin gashi ya fito. Ƙara tsummoki a ƙarƙashin sirdin da ya matse ba ya gyara komai, ƙara matsi yake yi. Mai miki ba a hawansa sai ya warke sarai.

Nauyi kuma, ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari na nauyin dokin, har da sirdi da kayan ado. Dokin da ya kai kilo 350 ke nan zai ɗauki kusan kilo 70. A lissafa jalala da lifidi da sauran kayan hawan Daushe a ciki.

Linzamin gargajiya mai zobe da harshen ƙarfe yana da ƙarfi ƙwarai, hannu mai sauƙi yake so. Fizgarsa don a yi birki a gaban jama'a yana yanka harshe da dasashi. Ka riƙa buɗe bakin kana duba gefen leɓe da harshe. Haƙoran doki suna ci gaba da fitowa, gefensu yakan yi kaifi ya yanki kumatu, don haka likita ya duba su sau ɗaya a shekara. Ana iya kai shi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello. Kofato kuma a gyara duk mako shida zuwa takwas.

Babban kuskure shi ne a bar doki a turke wata da watanni, ranar Sallah a kwance shi ya wuni a kan kwalta daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Fada a Zariya. A fara kilisa aƙalla mako shida kafin hawa: tafiyar minti 20 zuwa 30 da safe ko da yamma, a riƙa ƙarawa, sukuwa sai daga baya. Ɗukushi kuwa a yi masa haƙuri, ƙashin bayan doki ba ya gama ƙwari sai wajen shekara biyar zuwa shida.

A 'yan shekarun nan ƙaramar Sallah tana faɗowa a Maris da Afrilu, tsakiyar zafi. Doki yana shan lita 25 zuwa 50 a rana, ya fi haka idan ya yi gumi. Ka ja fatar wuyansa ka saki, idan ta wuce daƙiƙa biyu ba ta koma ba, ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Bayan hawa a sassauta majayi, a kai shi inuwa, a yi ta kwara masa ruwa a wuya da ƙirji da cinyoyi, a ba shi ya sha. Bugun zuciyarsa a hutu 28 zuwa 44 ne a minti, ana jinsa a jijiyar da ke ƙarƙashin muƙamuƙi. Idan bayan rabin awa yana sama da 60, ko yana ta haki, a kira likita.

Kada a cika shi da gero ko dusa dab da hawa, ko da zarar an sauka. Cikinsa ƙarami ne kuma ba ya iya amai. Ciyawa da harawa su ne tushen abincinsa, kusan kilo shida zuwa bakwai a rana ga dokin kilo 350, hatsi kaɗan-kaɗan a raba sau biyu ko uku. Idan ya fara tonon ƙasa da ƙafa, yana waiwayar cikinsa, yana kwanciya yana birgima, ciwon ciki ne: a ɗauke abinci nan take a nemi likita, kada a ɗura masa komai ta baki.