Aikin Sa Kai a Asibitin Yara: Abin da Yake Naka da Wanda Ba Naka Ba

Masu sha'awar wannan aiki sukan tambaye ni ko sai sun iya aikin jinya kafin a karɓe su. A'a. Lokacinka ake nema, da haƙurinka, da sanin iyakarka.

Ka fara zuwa ofishin da ke kula da 'yan sa kai. Za a bincika halinka, a duba lafiyarka, galibi a yi maka gwajin tarin fuka, a tabbatar kana da rigakafin ƙyanda. Kada abin ya ɓata maka rai. A cikin ɗakunan nan akwai yaran da maganin sankara ya raunana garkuwar jikinsu, murar da kai ba za ta hana ka fita ba tana iya zama musu babbar cuta. Ranar da ka tashi da tari, buga waya ka yi zamanka a gida. Wanke hannu kuwa, kafin ka taɓa yaro da bayan ka taɓa shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60, da man tsaftace hannu mai sinadari 20 zuwa 30.

Ayyukan suna da yawa. Akwai masu wasa da zane da yara, masu karanta musu labari, masu raka sababbin zuwa ɗakin gwajin jini ko hoto. Wasu asibitocin suna horar da masu rungumar jarirai bakwaini idan iyayensu ba sa kusa.

Ni dai wanda na fi ganin amfaninsa shi ne zama a bakin gado domin uwa ta samu ta yi wanka, ta runtsa ko na awa ɗaya. Kada ka ce mata "in kina buƙatar wani abu ki gaya mini", kunya ba za ta bar ta ba. Ce mata, "Mama, zan zauna da shi har ƙarfe huɗu, je ki huta." Ka kuma lura da ƙanin ko yayan mara lafiyar da aka bari a kan benci. Kowa ya manta da shi, alhali shi ma a tsorace yake.

Ko ruwa kada ka ba yaro sai ka tambayi nas, domin mai jiran tiyata ana hana shi ci da sha na wasu awanni. Na'urar ƙarin ruwa ta yi ƙara, kira nas, kada ka danna komai. Ba hoto, ba ba da labarin ciwon ɗan wani a waje. Idan uba ya tambaye ka ko yaronsa zai warke, kada ka yi alkawarin da ba a hannunka yake ba. Saurare shi, sannan ka haɗa shi da likitan da ke duba yaron.