Yadda ake haɗa shayin citta na mura

Tunda hunturu ya kankama 'yan uwa ke ta tambayata yadda nake haɗa shayin nan na mura, na gaji da maimaitawa wallahi, to ga shi nan kowa ya adana.

1. Ku samo ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa, ku wanke ta tas.
2. Ku daddaka ta sama-sama.
3. Ku zuba ta a tukunya da ruwa kofi 2 da kanumfari guda 4. Kar a cika kanumfari, ɗaci zai yi.
4. A bar shi ya tafasa minti 10.
5. Ku tace a kofi.
6. Ku jira ya ɗan huce.
7. Ku matsa rabin lemon tsami.
8. Ku sa zuma cokali 1. Hattara iyaye mata, jaririn da bai cika shekara 1 ba ba a ba shi zuma ko ɗigo, tana iya yi masa mummunar illa.
9. A sha da ɗuminsa safe da dare, mai olsa kuma ya rage cittar.

In zazzaɓi ya haɗu da murar ko numfashi na yin wuya, a tafi asibiti a yi gwaji, maleriya ma da haka take farawa wani lokacin.