Kafin ka tuƙa abin hawa a Magic

'Yan uwa masu buga wasan kati na Magic: The Gathering, ga abin da ke yawan haɗa mu gardama kan katunan abin hawa, waɗanda suka fara fitowa a jerin katunan Kaladesh a 2016.

Abin hawa ba halitta ba ne, wato katin da ke iya kai hari ko tarewa, sai ya samu direba. Lambar da ke gaban kalmar Crew a jikin katin ita ce mafi ƙarancin jimillar ƙarfin halittun da za ka kwantar (wato ka juya katunansu a kaikaice), sannan ya zama halitta har ƙarshen zagayen. Smuggler's Copter, misali, Crew 1 gare shi: ɗan ƙaramin soja mai ƙarfi 1 ya isa ya tayar maka da jirgi 3/3 (ƙarfi 3, juriya 3) mai shawagi.

Inda ake tafka kuskure shi ne lokaci. Tuƙa shi tun farkon faɗa, kafin ka ayyana masu kai hari. Ka wuce nan, shi ke nan, jirgi ya kwana a gareji. In tsaro za ka yi, kafin ayyana masu tarewa.

Halittar da ka sauke yanzu-yanzu tana iya tuƙi, wannan garaɓasa ce. Amma abin hawan da ya shigo a zagayen nan ba zai kai hari ba, sai in yana da Haste, wato ikon kai hari a zagayen da kati ya shigo.