Yadda ake rage sarƙar agogon nutso ta zauna daidai a hannu

Agogo huɗu aka kawo mini cikin watan nan, duka ciwonsu ɗaya. An rage sarƙa, mai shi ya ɗaura kwana uku, ya cire ya jefa a durowa, wai agogon ya cika nauyi. Na ƙarshensu na ƙanen mai ɗakina ne da ke Sabuwar Unguwa. Yana miƙo hannu ya ce, "Yaya, wannan abu cin hannu yake yi." Na juya hannun na duba. Makullin sarƙar ya gangara gefe, kan agogon kuma ya zame yana kallon waje, sai ya murɗa hannu kafin ya ga lokaci. Gaɓa uku aka cire masa, duka ukun daga ɓangare ɗaya. Agogon ba shi da laifin komai.

Agogon masu nutso a teku dama da nauyinsa aka san shi. Tun 1953 da Rolex ta fito da Submariner, Blancpain ta fito da Fifty Fathoms, har Seiko ta biyo da nata a 1965, sigar ba ta sauya sosai ba. Na yau yana da gida mai kauri, gilashi mai kauri, zobe a kewayen gilashin mai juyawa gefe ɗaya, da kan saiti, wato maɓallin gefe na gyara lokaci, da ake murɗawa ya kulle kamar noti. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta agogon nutso, ISO 6425, ta ce sai ya jure zurfin mita 100 aƙalla kafin ya amsa sunan, galibin na yanzu kuma mita 200 ake rubuta musu. Mu nan Katsina teku ya yi mana nisa, ruwan da muke da shi sai madatsun ruwa su Zobe, Ajiwa da Jibiya. Abin da ke sa mu saye shi alwala ce sau biyar, da ƙurar hunturu, da gumin bazara. Amma idan ka haɗa gidan da sarƙar ƙarfe yakan kai giram 150, wani ma ya wuce. Nauyi irin wannan idan bai zauna daidai ba, wuni ɗaya ya isa ya gundure ka.

Ka fara da zaɓar lokacin awo

Wuyan hannu ba ya tsayawa a girma ɗaya. Da sassafe a watan Janairu, sanyi ya tsuke jiki, hannunka siriri ne. A watan Afrilu da zafi ke taɓa digiri 40, bayan ka wuni a kasuwa ko a kan babur, hannun nan ya kumbura. Wanda ya rage sarƙa da safiyar hunturu ta kama shi tsam, kafin azahar ɗin bazara sai ya ga shatin gaɓoɓi a fatarsa. Ni ba na auna wa kowa sai bayan la'asar, kuma ba na yi wa mai azumi, don hannun da ya wuni ba ruwa daban yake da na bayan buɗa-baki.

Ka ɗaura agogon a bayan ƙashin nan da ya taso a wuyan hannu, ta wajen gwiwar hannu. Idan ya hau kan ƙashin, duk lokacin da ka dafa ƙasa za ka tashi daga zama kan saitin zai soke ka a bayan hannu. Ka kulle, ka tattaro rarar sarƙar da yatsu biyu, ka ƙirga gaɓa nawa suka taru. Sai ka rage ɗaya daga lissafin. Cirewa daga baya ya fi mayarwa sauƙi. Abin da ake nema shi ne ƙaramin yatsanka ya shiga ƙarƙashin makulli da ɗan ƙyar. Wannan 'yar tazarar ita ce za ta ba ka damar motsa agogon ruwa ya ratsa ƙarƙashinsa wurin alwala. Masu son agogo na reto kamar warwaro, wannan ku da ƙaramin agogo mara nauyi. Na nutso idan yana reto, da kansa zai cinye filolin da ke haɗa gaɓoɓinsa.

Kafin ka taɓa gaɓa ko ɗaya, ka duba gefen makulli. Akwai ƙananan huda uku ko huɗu a jere. Ka mayar da sandar sifirin, wato 'yar sandar da ke haɗa sarƙa da makulli, hudar tsakiya, don gobe ka sami wurin matsawa gaba ko baya.

Daga wane ɓangare za a cire

Nan aka cuci ƙanen mai ɗakina. Sarƙa ɓangare biyu ce, na wajen ƙarfe 12 da na wajen ƙarfe 6. Na 6 shi ne wanda ke ta wajen babban yatsanka, kuma shi ya kamata ya fi gajarta. Idan uku za ka cire, biyu daga 6, ɗaya daga 12. Idan ɗaya ce tak, daga 6. Dalili kuwa, makulli kullum neman tsakiyar cikin hannu yake, wurin da yake shimfiɗe. Idan ɓangaren 12 ya gajarta, makullin zai ja kan agogon ya kai shi waje. Kuma kada murfin makullin ya ruɗe ka. Ka buɗe ka dubi ƙarfen da ke naɗewa a ciki, ya fi murfin tsawo, shi ne ke kwanciya a fata, shi za ka daidaita a tsakiya.

Ka gane irin fil ɗin da ke gabanka

Iri uku ne. Akwai mai zare wanda ake kwancewa da sukurudireba, za ka ga tsagar kansa a gefen gaɓa. Akwai fil mai tsaga, kamar an lanƙwasa waya biyu. Sai na uku, fil da ɗan bututu, wanda ake yawan samu a Seiko da Citizen. Biyun ƙarshe suna da kibiyoyi a cikin sarƙar, suna nuna inda fil zai fita. Abin da ke yaudarar mutane shi ne fil mai tsaga ma kansa kamar na sukurudireba yake idan an kalle shi daga gefe. Na ga wanda ya yi ta murɗa shi har ya kankare gaɓa biyu. Muddin ka ga kibiya, turawa ake yi.

Kayan aiki ba su da yawa: abin tura fil, ƙaramar guduma mai kan roba, ɗan katako ko roba mai tsaga da ake tsayar da sarƙa a ciki, da hantsaki. Ana sayar da su a haɗe, kuɗinsu bai kai na canza gilashin da ya fashe ba. Sai dai bakin abin turawar na masu araha yana lanƙwashewa, ka nemi mai bakin canji. Allura da ƙusa kuwa ka bar su inda suke. Ka shimfiɗa farin tawul a cikin tire mai baki, ka zauna inda haske yake. Kada ka yi wannan aiki a kan tabarma ko a tsakar gida, kuma ka sallami yara tukuna. Ka cire sandar sifirin ta makulli don sarƙar ta buɗe ta kwanta.

Ɗan bututu

A nan nake so ka rage gudu, don a nan na yi asara. Shekarun baya na kai wani agogona wurin mai gyara a kasuwa ya rage mini. Minti biyar bai cika ba ya miƙo mini ya ce, "Alhaji, ya zauna." Ya kuwa zauna a ido. Kwana tara bayan nan, ina kan babur tsakanin Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya, na ji hannuna ya yi sakayau. Da na koma na tsince shi a bakin kwalta, gilashi ya tsage, zobe ya maƙale ba ya juyawa. Agogon da na tara wata da watanni kafin na saya ke nan. Da na zauna na bincika sai na ga fil ɗin yana shiga yana fita da yatsa kawai. Bututunsa ya faɗi tun a teburin mai gyara, shi bai ma san akwai shi ba.

Fil ɗin wannan tsari santsi gare shi, ba shi da tsaga ba shi da zare. Abin da ke riƙe shi wani ɗan bututun ƙarfe ne da bai kai ƙwayar shinkafa ba, mai tsaga a tsawonsa, wanda ke damƙe fil ɗin idan ya shiga. Idan yana nan, tsarin yana da ƙarfi sosai. Idan babu shi, fil zai shiga ya yi kamar ya zauna, motsin hannu da girgizar babur su riƙa turo shi sannu a hankali har ranar da zai fita.

Ga yadda za ka yi. Ka tsayar da sarƙar kibiya na kallon ƙasa. Ka ɗora bakin abin turawa a kan fil, ka buga a hankali, ƙananan bugu, har ya leƙo ta ƙasa, ka zare shi da hantsaki a miƙe. To, kada ka raba gaɓoɓin tukuna. Ka kwantar da sarƙar a kan tawul, sannan ka raba su sannu, idonka a kai. Bututun wuri biyu yake zama, ya danganta da ƙirar sarƙar: ko a cikin gaɓar tsakiya, ko a bakin hudar gaɓar gefe. Idan ba ka gan shi ba, ka duba bakin abin turawarka, sau da yawa a can yake maƙalewa ya bi shi. Idan can ma babu, ka karkata gaɓar ka ƙwanƙwasa ta a kan tawul. Kada ka ci gaba sai ka gan shi da idonka, ka kuma san daga wace huda ya fito. Ni ina ɗaukar hoto da waya a daidai nan, ina kuma ajiye kowane fil da bututunsa a murfin kwalba daban.

Wurin mayarwa, idan na tsakiya ne, ka sa shi cikin gaɓar tsakiya da hantsaki, huda ɗaya ta fi ɗaya faɗi, ta nan yake shiga. Ka haɗa gaɓoɓin ba tare da ka karkata su ba, ka shigar da fil ta inda ya fito, wato akasin inda kibiya ta nuna, ka buga. Za ka ji ya tafi da sauƙi, sai ya ci karo da turjiya. Turjiyar nan ita ce shaidarka. Idan ya wuce sumul har ƙarshe da turin yatsa, bututu ba ya ciki, ka sake buɗewa. Idan kuma na gefe ne, aikin ya fi wuya: fil zai shiga ta gefe ɗaya, bututu ta ɗayan, sai ka tokare kan fil ɗin a kan abu mai tauri ka danna bututun ya hau kansa da bakin da ya fi fil kauri. Nan mutane ke gajiya su ce ai ya isa. Bai isa ba sai fil ya nutse daidai a gefe biyun. Daga nan ka ɗauki abin turawa ka danna kowane fil da ka taɓa da ƙarfin yatsa. Wanda ya motsa, ka sake shi. Bayan kwana biyu ka shafa gefen sarƙar da yatsa, ko akwai wanda ya leƙo.

Idan bututu ya ɓace, ka ɗauko na gaɓoɓin da ka cire. Shi ya sa ba a barin rarar gaɓoɓi a wurin mai gyara, ka karɓi abinka har filolin.

Sauran biyun

Fil mai tsaga ba shi da wahala. Ya fita ta inda kibiya ta nuna, ya koma ta inda ya fito, kan da ke da tsaga shi ne ƙarshen shiga. Mai zare kuma sukurudireba ce duka maganar. Bakinta ya cika tsagar taf, ka manna salatif a gefen gaɓa saboda zamewa, ka danna sosai kafin ka murɗa. Idan ya ƙi, an sa masa gam ne daga kamfani. Ka cire sarƙar daga jikin agogo ka tsoma ta a ruwan zafi na 'yan mintoci, zai saki.

Daga nan sai gyaran ƙarshe a hudojin makulli. Bazara ka matsa huda ɗaya waje, hunturu ka dawo ciki. Agogunan zamani masu tsada sun sauƙaƙa wannan: Glidelock na Rolex yana ba da kusan milimita 20, biyu-biyu, T-fit na Tudor milimita 8, duka ba tare da kayan aiki ba. A ƙasa mai zafi irin tamu, ni wannan ya fi mini zoben tangaran daraja, kuma yanzu ƙananan kamfanoni ma sun fara sa irinsa. Idan ka cire gaɓa ta matse, ka mayar ta yi sako-sako, ka duba ko sarƙarka na da rabin gaɓa. Akwai kuma wani ƙarin ƙarfe da ke naɗe a ƙarƙashin wasu makullai, an yi shi don ɗaurawa a kan rigar nutso. Ba ka da aikin yi da shi, kuma sau da yawa shi ne ke cizon fata. Idan yana damunka canza makulli ya fi, ka auna faɗin sarƙar a wurin, galibi milimita 18 ne ko 16.

Sarƙar da ke tsinkar gashin hannu, yawanci mai gaɓoɓin naɗaɗɗen gwangwani ce, ba ta da magani sai canji. Wanki kuma duk sati biyu, tsohon burushin haƙori da sabulu, bayan ka tabbatar kan saiti a kulle yake, don gumi da ƙura idan suka haɗu a tsakanin gaɓoɓi su ne baƙin da ke ɓata hannun farar shadda. Idan ba ka amince da asalin agogonka ba, rubutun mita 200 kada ya ruɗe ka, ka cire sarƙar ka wanke ta ita kaɗai. Kuma ka tafi wurin tela da agogon a hannu ya auna bakin hannun riga a kansa, don kaurin milimita 13 ba ya shiga ƙarƙashin matsattsen hannun kaftani.