Yadda zaka yi tallar sari-ka-noƙe a titi ba sai ka kama allo ba

Duk mai ƙaramar sana'a ya san kuɗin allon talla a bakin babban titi ba na yaro bane, fosta kuma ka buga ka liƙa yau, gobe ɗan takarar kansila ya zo ya ɗora tasa a kan taka. Kuma tsakani da Allah yaushe rabon da ka tsaya ka karanta fosta? Ido ya saba da su har baya ganinsu. Shi yasa tun 1984 wani Ba'amurke Jay Conrad Levinson ya fara koya wa ƙananan 'yan kasuwa wata hanya da ake kira tallar sari-ka-noƙe, wato ka bayyana inda ba'a zata ba, ka yi abin da zai sa mutum ya ja birki ya kalla, ka tattara ka tafi ka bar mutane da labarin. Dabara da lokaci ake kashewa fiye da kuɗi.

Abu na farko, kar ka fara da tunanin me zan rubuta. Fara da tafiya a ƙafa. Zaga unguwar da kwastomominka suke, safe da rana da bayan la'asar, ka ga me yake damun mutane a wurin wanda kowa ya gaji da magana a kai, ramin da ke cin tayar adaidaita sahu, kwatar da ta toshe, tashar da mutane ke tsayuwa cikin rana babu inuwa, bangon da hayaƙi ya mayar baƙi ƙirin. Nan tallarka take. Mutum baya kallon allo amma dole ya kalli ramin da yake kaucewa kullum.

Ramin titi ma kaɗai an ci kasuwa da shi ba sau ɗaya ba. A 2009 kamfanin KFC mai sayar da soyayyun kaji ya cike ramukan titi a garin Louisville na Amurka, duk wanda aka cike sai a buga sunan kamfanin a kai da alli mai gogewa, kuma da sanin magajin gari akayi. Na Rasha ya fi zafi. A 2012 a birnin Yekaterinburg wata jaridar intanet mai suna URA.RU ta sa aka zana fuskokin manyan gari uku a kan kwalta cikin dare, ramin shine bakin mutum a wangame, a gefe kuma aka rubuta alƙawarin da kowannensu ya taɓa yi na gyara hanya. Da farko ma'aikata aka turo suka shafe zanen suka bar ramin, ashe akwai kyamara a ɓoye tana ɗauka, abin ya ƙara bazuwa, ƙarshe dai dole aka cike ramukan. Jaridar ta samu suna, titi ya gyaru. Amma dan Allah kar wani ya karanta wannan ya je ya zana fuskar ciyaman a titin garinsu, kai da kake neman kwastoman shagon taya me ya haɗa ka da kwana a caji ofis? Darasin wurin shine sun yi amfani da abin da ke wurin dama, basu kawo sabon abu daga gida ba.

To a ce kai mai faci ne ko mai sayar da taya ko shokoba. Ka samo ɓaraguzai da jar ƙasa, ka cike ramin layinku ka daddaɓe shi sosai, sannan ka samu kwali mai kauri ka huda rubutu a jiki da reza, ka ɗora a gefe ka shafa farar ƙasa. Rubutun gajere, sunan shago da inda yake, shikenan. Mai mashin daƙiƙa biyu zuwa uku gare shi, in ka cika masa surutu da lambar waya biyu da "muna maraba da ku" babu abin da zai riƙe. In unguwar akwai waɗanda ajami ya fi musu sauƙi ka sa shi, ko ka zana taya kawai da kibiya. Kuma kar ka karɓi ko sisi a hannun direbobi, da ka miƙa hannu ka zama ɗaya daga cikin yaran nan masu zuba ƙasa a rami suna "a taimaka", tallar ta mutu kenan.

Akwai wata dabarar da ni ta fi burge ni, rubutu da wanki. Maimakon ka shafa fenti a bango, dattin jikinsa zaka goge har rubutu ya fito. Wani Bature Paul Curtis da ake ce wa Moose a Leeds ta Ingila na cikin waɗanda suka fara shahara da ita. A 2006 kuma Alexandre Orion ya shiga wata hanyar mota ta ƙarƙashin ƙasa a Sao Paulo ta Brazil da tsumma da ruwa, ya dinga goge baƙin hayaƙin bango yana fitar da hoton ƙoƙon kan mutane birjik don ya nuna abin da jama'a ke shaƙa, 'yan sanda su zo su rasa da me zasu kama shi tunda wanki yake, daga baya hukuma da kanta ta zo ta wanke bangon gaba ɗaya. In kana da wurin wankin mota ko kana sayar da sabulu da omo, wannan taka ce. Faranti na roba ko langa-langa da aka huda rubutu, injin feshin ruwa na wankin mota, bango mai datti, minti kaɗan an gama. Kayan ka da kansa ya yi shaida. Da kaɗan-kaɗan ƙura zata mayar da bangon yadda yake, wanda hakan ma daidai ne.

Izini. Na san sunan abin sari-ka-noƙe ne amma ka noƙe wa ido ne, ba wa mai bango ba. Ka gaida mai gidan, ka je wajen mai unguwa, in kasuwa ce shugaban 'yan kasuwa, in tasha ce 'yan yuniyon. Titin gwamnati da allunan waje akwai masu su, a Legas hukumar allunan talla LASAA ce, a Abuja akwai sashen kula da tallan waje, a Kano in abinka zai taɓa zirga-zirgar motoci kasan 'yan hukumar titi KAROTA zasu iso kafin kwastoma, sannan hukumar ARCON ke sa ido kan harkar talla a ƙasa baki ɗaya. Manya ma sun sha. Kamfanin kwamfuta IBM sun fesa tambari a daɓen titunan San Francisco ta Amurka a 2001 ba izini, suka biya sama da dala 100,000. Bangon masallaci, makaranta da maƙabarta kuwa ko an baka izini ka haƙura.

Abin da bazaka taɓa yi ba shine tsorata mutane. Ranar 31 ga Janairu 2007 aka rufe hanyoyi da gadoji a Boston ta Amurka saboda wasu ƙananan alluna masu fitila da batir da waya da aka maƙala a wurare don tallar wani katun na tashar talabijin Cartoon Network, mutane suka zata bam ne. Dala miliyan 2 aka biya, shugaban tashar ya ajiye aiki. Garin neman gira aka rasa ido. Can kenan, balle nan da mutane suka ga tashin bam da idonsu a kasuwa da tasha. Babu ajiye kwali ko jaka ka tafi, babu waya a leƙe, babu haɗarin ƙarya ko faɗan ƙarya don a taru. Haka rabon kaya kyauta, kar ka yi shela a rediyo ko WhatsApp cewa za'a raba abu wuri kaza, mun ga turmutsitsin da ya ci rayuka a Ibadan da Okija da Abuja a Disamba 2024. In zaka raba ruwan sanyi a tasha da sunan shagonka a jikin randa, kawai ka bayyana ka raba ka tafi.

Sai ɗaukar hoto, wanda da yawa suke mantawa. Waɗanda zasu gani da ido basu kai waɗanda zasu gani a waya ba, don haka ka tanadi mutum ɗaya aikinsa kenan, ya ɗauki wurin kafin a taɓa, lokacin aiki, da bayan an gama, waya a tsaye, bidiyo kar ya wuce rabin minti. Fuskar mutane musamman mata da yara kar a saka sai sun yarda. Ka fara da status da guruf ɗin unguwa kafin TikTok da Facebook, 'yan unguwa ne zasu saya.

Kuma ka sa wata alama da zaka gane ko abin ya ci. Ka rubuta a ƙasan bidiyon cewa duk wanda yazo yace daga ramin yake za'a rage masa wani abu, yaron shago ya dinga ja layi a littafi. Bayan sati biyu ka ƙirga. In ribar layukan ta fi kuɗin jar ƙasa da farar ƙasa da ladan yara, nemi rami na gaba, amma a wani layin daban kuma ka ɗan canza salo, don in ka maimaita a wuri ɗaya sau uku ido zai saba da shi shima.