Yadda Ake Gane Ƙirar Arewacin Turai da Zaɓen Kayanta

Duk wanda yake son mallakar kayan ɗaki ko kayan ado irin na Danmak, Suwidin, Norwe, Finlan da Aislan, ya kamata ya fara da tambayar da masu ƙirar ƙasashen suka fara da ita, wato wane ne zai yi amfani da abin, kuma cikin wane irin haske. Lokacin hunturu a can rana ba ta daɗewa a sama, mutane kan shafe watanni a cikin gida, ga kuma dazuzzuka masu yalwar katako. Waɗannan dalilai ne suka haifar da salon da duniya ta sani tun bayan baje kolin kayan ƙirar yankin da ya zagaya Amurka da Kanada daga 1954 zuwa 1957.

Ka fara da fitila tun kafin kujera, domin a nan ne jabu ya fi saurin tona asirin kansa. Poul Henningsen, ɗan Danmak, ya ƙera fitilar PH5 a 1958 ga kamfanin Louis Poulsen, ya jera mata marufai hawa-hawa yadda ko ta ina ka kalle ta ba za ka ga ƙwan ba, haske kuma yana sauka a kan tebur ba tare da ya kashe ido ba. Gwajin yana da sauƙi. Ka kunna fitilar da kake son saye, ka zauna a ƙarƙashinta, sannan ka tashi ka zagaya ta. Idan ƙwan ya soki idonka daga wani ɓangare, to siffar kawai aka kwaikwaya, ba a kama aikin ba. Irin wannan fitila ana rataye ta ƙasa-ƙasa kusa da tebur, kuma ya fi kyau a rarraba ƙananan fitilu a kusurwoyin ɗaki maimakon a dogara da guda ɗaya mai ƙarfi a tsakiyar silin.

Idan ka zo kan kujera, kada ka tsaya ga kallon gabanta. Ka juya ta ka duba ƙasa, inda kafinta ba ya iya ɓoye ha'inci. Kujerar da Hans Wegner ya zana a 1949, wadda jinginarta ke da siffar harafin Y, kamfanin Carl Hansen & Søn ne yake yin ta tun 1950, kuma mazauninta saƙar hannu ce da igiyar takarda mai tsawon kusan mita 120. A ta ainihi za ka tarar da saƙar a ɗame, mahaɗun katakon sun zauna daram, ga tambarin kamfani a ƙasa. Haka ma ƙaramar kujera mai ƙafa uku da Alvar Aalto na Finlan ya fitar a 1933, wadda kamfanin Artek ke sayarwa. Sirrinta yana gwiwar ƙafar: ana tsaga saman katakon, a cusa siraran fallayen itace da gam, a lanƙwasa shi, sannan a ɗaure shi kai tsaye a ƙasan mazauni. Idan ka duba gwiwar da kyau za ka ga layukan fallayen, kuma rashinsu alama ce ta kwaikwayo.

Bayan dubawa sai zama, kuma ba zaman minti ɗaya ba. Aalto ya karkatar da jinginar kujerar da ya yi wa asibitin masu tarin fuka na garin Paimio da ke Finlan ne don majinyaci ya samu sauƙin numfashi, saboda haka kujerar da ke gajiyar da baya ta saɓa wa asalin salon komai kyanta. A ganina, kayan IKEA, kamfanin da Ingvar Kamprad ya kafa a Suwidin a 1943, sun gaji sauƙin fasali da arha, amma da yawansu an yi su ne da matsattsen garin katako, wanda ba ya jure kwancewa da sake ɗaurewa kamar katako na gaske. Wanda kuɗinsa bai kai ba, gara ya sayi kujera ɗaya mai inganci, ko da ta hannu ce, ya cike sauran gurbin da masu arha.

Wajen kula da katakon, masu sana'ar Danmak sukan gama shi da mai ko da ruwan sabulu maimakon fenti mai ƙyalli. Kada ka shafa masa irin wannan fenti daga baya. Ka riƙa goge shi da tsumma mai ɗanshi, ka sabunta man ko sabulun idan ya fara bushewa.

A kayan ado ƙa'idar ita ce abu ɗaya ya yi magana, saura su yi shiru. Agogon da Vivianna Torun Bülow-Hübe ta ƙera wa gidan azurfa na Georg Jensen, wanda aka kafa a Kofanhegan a 1904, awarwaro ne buɗaɗɗe mai fuska kamar madubi, babu lambobi a kanta, kuma tara masa wasu awarwaraye ɓata shi ne. Idan azurfa za ka saya, ka nemi hatimin maƙeri da lambar 925, wadda ke nuna ingancin azurfar. Masu zaton salon ba ya son launi su dubi yadin Unikko mai manyan furanni da Maija Isola ta zana wa kamfanin Marimekko a 1964. A yadin kamfanin ana buga sunan mai zanen a bakin ƙyallen, sai ka duba can. Jakar goyo ta Kånken kuwa, kamfanin Fjällräven ya fitar da ita a 1978 don rage wa 'yan makarantar Suwidin ciwon baya.

Ga mai shirin gini, darasin yana ga yadda ake tunanin wanda zai zauna a ciki. A asibitin Paimio, da aka kammala a 1933, an zaɓi launin silin da wurin fitilu ne bisa la'akari da mutumin da ke kwance yana kallon sama, har kwanon wanke hannu an ƙera shi yadda ruwa ba zai yi ƙara ya dami maƙwabcin gado ba. Gidan wasannin opera na Oslo, babban birnin Norwe, aikin kamfanin zanen gine-gine na Snøhetta da aka buɗe a 2008, rufinsa yana gangarowa har bakin ruwa, kowa na iya hawa ya taka. Kafin ka amince da taswirar gida, ka nemi mai zanen ya nuna maka inda rana za ta faɗo a kowane ɗaki da safe da yamma. Manyan tagogin gilashi na Arewacin Turai an yi su ne don kamo ranar da ke tafiya ƙasa-ƙasa, don haka a wurin da rana ke da ƙarfi dole a haɗa su da rumfa ko a rage faɗinsu a ɓangaren yamma.