Yadda za ka tsare waƙarka kafin wani ya ɗora ta a YouTube da sunansa

Duk inda mawaƙa suka zauna a Damagaram, ko a fada wajen shayi ko a ƙofar situdiyo, kukan ɗaya ne, wai masu turi, wato masu zuba ma mutane waƙa a waya, sun kashe sana'a. Ka sha wahala ka haɗa kuɗin situdiyo, waƙa ta fito da safe, kafin la'asar tana cikin kart memuwar ɗin kowane ɗan kabu-kabu daga Birni har Garin Malam, kai kuwa ko dala ba ka gani ba. Da ciwo kam. Amma ɗan'uwa ba can faɗan yake ba, kada ka ɓata ƙarfinka a kan yaron da ke zaune da ordinatar a bakin Kasuwar Dole yana cika ma mutane waya. Turawa ma da kuɗinsu da lauyoyinsu sun gwada yaƙi da dandalin intanet da ake sauke waƙa da fim ba izini: kotun Amurka ta sa an rufe Napster a 2001, a Suwidin an yanke ma masu Pirate Bay ɗaurin shekara 1 a 2009, an kulle Megaupload a 2012, kuma har gobe mutane suna tura ma juna waƙa. Xender da Bluetooth ma ba su bi ta intanet balle wani ya tare su. A Kano da kasuwar faifan CD ta mutu, 'yan fim ba kama masu turi ne ya cece su ba, komawa suka yi YouTube da finafinai masu dogon zango.

Wanda ya kamata ka ji tsoro shi ne mai tashar YouTube da zai ɗauki waƙarka ya liƙa mata hotonsa, talla ta riƙa shiga, kuɗi na tafiya aljihunsa. Mafi muni ma shi ne wanda zai riga ka kai ta wurin kamfanin rarraba waƙa ya ce tasa ce, ranar da ka zo ɗora kayanka sai na'ura ta ce maka kai ne ɓarawo. Wannan yana faruwa, kuma maganinsa tun kafin waƙa ta bar situdiyo ake fara shi.

Fara da takarda. Na san mutanenmu suna jin nauyin haka, wai abokina ne, tare muka tashi a Zango, yaya zan ce ya sa hannu. To ka ce. Waƙa guda tana iya zama da masu haƙƙi da yawa: wanda ya rubuta baiti, wanda ya haɗa kiɗa, wanda ya rera, 'yar amshi, da wanda ya biya kuɗin ɗauka. In ka biya mai kiɗa jikka kaza ba tare da an rubuta komai ba, kai a ranka ka saya, shi a ransa haya ya ba ka, kuma ba za ku gane bambancin ba sai ranar da waƙar ta yi kasuwa. Ba sai kontira mai shafi goma da Faransanci ba. Ku rubuta ko da Hausa: sunan waƙa, ranar da aka yi ta, wa ya yi me, an sayar da kiɗan ne gaba ɗaya ko kashi nawa cikin 100 mai kiɗa zai riƙa samu, wa ke da ikon ɗorawa a intanet. Kowa ya sa hannu, shaidu biyu su sa, kowa ya riƙe kofi, ka ɗauki hotonta da waya ka aje.

Daga nan sai hujja. Mutane da yawa sun ɗauka sai ka yi rajista waƙa take zama taka, ba haka ba ne. A ƙarƙashin yarjejeniyar Berne ta ƙasashen duniya kan haƙƙin mawallafa, wadda Nijar tana ciki, haƙƙinka yana farawa ne tun lokacin da ka ƙirƙiri abin, ba sai da tambarin wani ofis ba, kuma a gida muna da dokar haƙƙin mallaka ta watan Disamba 2010, ga kuma yarjejeniyar Bangui ta ƙasashen OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta wasu ƙasashen Afirka. Matsalar ita ce ranar gardama wa zai nuna shi ya riga. Don haka kada ka bar situdiyo da MP3 kawai. Ka karɓi WAV ɗin, wato fayil ɗin sauti mai cikakken inganci da ba a matse ba, ka karɓi murya daban kiɗa daban, in mai situdiyo ya yarda har fayil ɗin aikin na FL Studio ko duk manhajar da ya yi aiki da ita. Ɓarawo yana da waƙar da aka gama haɗawa, amma ba shi da muryarka tsirara babu kiɗa, wannan kai kaɗai ke da ita. Ka zuba a kile, ka kuma tura ma kanka ta imel ko ka ɗora a Google Drive don ranar ta zauna a rubuce, saboda ordinatar ɗin situdiyo da wannan ɗauke-ɗauken kuran ɗin namu ba abin dogaro ba ne. Takardar da ka rubuta baiti da gyare-gyarenta ma kada ka yar.

Sannan ka nemi BNDA, ofishin haƙƙin mawallafa na ƙasa, hedkwatarsa tana Yamai. Aikinsa ya karɓi kuɗi daga gidajen rediyo, telebijin da wuraren da ake kaɗa waƙa a bainar jama'a ya raba ma mambobinsa. In ba ka yi rajista ba ka kuma bayyana waƙoƙinka ɗaya bayan ɗaya, ko rediyo ta kwana tana sa ka babu ta inda rabonka zai biyo. Kada ka sa rai za ka gina gida da shi, amma takardar da za ka riƙe tana da nauyi ranar rigima.

Yawancin waƙoƙin da ke fita kafin lokaci ba wani gwanin kutse ne ya sace su ba, mawaƙin ne da kansa ya tura ma abokai uku a WhatsApp wai su ji su ba shi shawara. Mai son ji ya zo ya ji a wayarka. In dole ne sai ka tura, yanke guntu na daƙiƙa 30 ka tura.

Yanzu tsarin fitarwa, nan ne mutane ke yin baya-baya. Kai ne za ka fara ɗorawa, kafin kowa. Ka buɗe tasharka ta YouTube da imel ɗinka da lambarka, ba na wani yaro mai taimaka maka ba, domin wanda ke riƙe da imel shi ke riƙe da tasha. Ka buɗe Audiomack, kyauta ne. In kana son shiga Spotify, Boomplay da Apple Music, ta hannun kamfanin rarrabawa ake bi irin su DistroKid ko TuneCore, wasu kuɗin shekara suke karɓa wasu kuma kaso suke cirewa, su ne za su ba waƙar lambar ISRC wadda take kamar lambar katin ɗan ƙasa ga wannan ɗaukar, kuma ta hannunsu ne ƙaramin mawaƙi yake samun shiga Content ID. Content ID ɗin nan na'urar YouTube ce tun 2007, tana sauraren duk bidiyon da aka ɗora ta gwada da abin da masu haƙƙi suka ba ta, in ta ji waƙarka a tashar wani kana iya toshe bidiyon, ko ka bar shi kuɗin tallar su dawo wurinka. Ni na biyun nake ba da shawara, bar shi ya yi maka talla. Kafin ka biya kowane kamfani dai ka duba ta wace hanya yake biyan kuɗi, ko za ta iso hannunka a nan, kada ka tara kuɗi a inda ba ka iya cirewa.

Sai bayan duk wannan ya zauna, to kai da kanka ka ɗauki MP3 ka kai ma masu turi. E, kai da ƙafarka. Ka gyara sunan fayil ɗin da sunanka da sunan waƙa, ka sa hotonka a ciki, ka ambaci sunanka cikin waƙar yadda mawaƙanmu suka saba tun da can, don ko an canza sunan fayil murya ba ta canzuwa. Kuɗin mawaƙi a garin nan daga biki da suna da gayyata suke fitowa, mai biki kuwa wanda yake ji a wayar kowa shi yake kira.

To in an riga an sace fa? Fara da magana. Da yawa yara ne masu neman mabiya, in ka rubuta masu cikin mutunci ka ce su cire ko su sa sunanka da adireshin tasharka, suna yi. Wanda ya ƙi, ka ɗauki hoton shafin da adireshin bidiyon, ka shiga YouTube Studio, ɓangaren haƙƙin mallaka, ka cika buƙatar cirewa. Za a nemi sunanka na gaskiya da adireshi, da inda asalin aikinka yake. Akwai zaɓin ba shi kwana 7 ya cire da kansa kafin hukunci ya hau shi, in ɗan gari ne ka zaɓi wannan, gobe za ku haɗu a wurin jana'iza ko ɗaurin aure. In aka cire ta ƙarfi yana samun gargaɗi, gargaɗin yana ɗaukar kwana 90, in suka taru 3 ana iya rufe tashar gaba ɗaya. Shi ma yana da damar ya musanta, in ya yi haka kana da kwanakin aiki 10 ka nuna ka kai magana kotu, in ba haka ba bidiyon ya dawo. Ka ga amfanin takardun can na farko ke nan. Facebook da TikTok su ma suna da fom irin wannan. WhatsApp kuwa manta da shi, saƙonnin a kulle suke, kamfanin kansa ba ya ganin abin da ake turawa.

Kada kuma ka kai ƙarar abin da ba naka ba don haushi, tasharka ce za ta iya tafiya. Wannan ya kawo mu ga abin da ba a son faɗa: mu ma muna ɗauka. Ka sauke kiɗa daga YouTube an rubuta kyauta ne, ka hau kai, alhali yawanci sharaɗin shi ne kyauta in ba kasuwanci za ka yi da shi ba, kuma mutum ɗari sun hau wannan kiɗan kafin kai, irin wannan ba a yarda ka sa shi cikin Content ID ba tunda ba kai kaɗai ke da shi ba. Ko ka yanko kiɗan fim ɗin Indiya ka ɗora Hausa a kai, kamfanoni irin T-Series da Saregama suna da kayansu cikin na'urar, ba sai sun san inda Zinder take ba za su kama. Rubuta "ba ni da haƙƙin wannan kiɗa" a ƙarƙashin bidiyo ba ya kare ka da komai, shaida ma ka ba da a kanka. In saƙon ya zo maka, duba da kyau ko da'awar Content ID ce ko gargaɗi, ta farko yawanci kuɗin bidiyon kawai take ɗauka ko ta toshe shi, ba ta taɓa tasha. In kana da gaskiya ka ƙalubalanta, mai da'awar yana da kwana 30 ya ba da amsa, in ya yi shiru ta faɗi. In kuwa ka san ɗauka ka yi, bar ta haka nan, ko ka koma situdiyo a buga maka sabon kiɗa, wannan karon da takarda.